Takardun da Suka Tafi Kebbe

Gazali ɗana,

Gaisuwa daga Doso. Yaya ƙafar babanku? Ina lafiya, hayaƙin kicin ɗin kamfani ne dai ya ɗan taɓa mini ido.

Hankalina bai kwanta ba. Nan ana yanke mini haraji, kuma in ban nuna wa ofishin gida shaida kafin ƙarshen wata ba, zan sake biya. Takardun shaidar huɗu ne, da Faransanci. Cikin babbar kwalla na ɓoye su, kwallar kuwa ta tafi Kebbe cikin kayan ɗakin ƙanwarka Anisa.

Ka hau mashin ka dubo, Allah ya yi maka albarka. In ta riga ta hura wuta da su, kada ka yi mata faɗa. Ni ce ban gaya wa kowa ba.

Mahaifiyarka,
Batula