Kafin Ka Kunna, Ka Duba Baya

Ni Vukashin Traykovich, mai shekara saba'in da tara, mazaunin hawa na uku a unguwar Durlan cikin birnin Nish, na rubuta wannan da hannuna, hankalina garau, ba wanda ya tsaya a kaina. Tun safe ban sha komai ba sai wannan shayin ganyen da aka ɗora mini dole. In kun ga rubutun ya karkace, hannu ne ke rawa, kai lafiya lau yake. Likita ya ce zuciyata ba za ta ga wani sanyin ba. Ni ba mutuwar ce ta dame ni ba, abin da ke cina shi ne in tafi in bar kayan sautina a hannun mutanen da ke jin waƙa ta wayar salula, da kuma wata magana da na daɗe ban faɗa ba.

Zuwa gare ku 'ya'yana biyu, Radmila da Ognyen. Radmila, ke za ki buɗe ambulan ɗin nan. Ki karanta zuwa ƙarshen batu na biyu cikin waɗanda na jera a ƙasa, ki tsaya, domin na san ki da leƙe-leƙe. Sauran sai ranar addu'ar arba'in ɗina, bayan an dawo daga maƙabarta, a falon nan, da babbar murya, kafin a zuba miya. Ki gayyato duk wanda ya rage a raye cikin mutanen da suka zo arba'in ɗin mahaifiyarku Slavka shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ƙanenki Ognyen kuwa dole ya zo, ko da ɗaure shi za ki yi ki jefo shi a mota daga Novi Sad inda yake zaune.

Na ɗaya. Gidan nan naku ne ku biyu, rabi da rabi. Gonar ƙauye da itatuwan da ke cikinta na Radmila ne, don ita ke zuwa tsinkar 'ya'yan. Lauya yana da takardun, ba abin da za a ja a kai.

Na biyu. Ranar da kuka manna takardar rasuwata a jikin bishiyar ƙofar gida, kafin magariba za ku ga wani gajere mai baƙar riga ya hawo da kyandir a hannu. Mile ke nan, dillalin kayan gwanjo, wanda muke kira Ungulu. Kada ya wuce bakin ƙofa. Aikinsa ke nan, bin bishiyoyi yana karanta sunayen matattu kamar mai duba sakamakon jarrabawa. Haka ya yi wa matar marigayi Tihomir, gwanin da ya naɗa mana taransifomomin na'urorin kiɗa shekara arba'in. Ya zauna ya share hawaye, ya ci dafaffiyar alkamar da ake rabawa sadaka, sannan ya ce, "Ayya, baiwar Allah, waɗannan tarkacen ai sai tara ƙura, kawo in rage miki wahala." Ya kwashe ɗaki guda a kan kuɗin da ba su kai na taya biyu ba. Ranar Lahadi na gan su a kasuwar gwanjo, har da rubutun Tihomir a jiki. Ki ja kunnen mijinki Neboysha musamman, domin shi ko allura ya gani sai ya tambayi nawa za ta yi.

Na uku. Lasifikokin nan biyu manya da faya-fayai duka na Radmila ne, da sharaɗi. Ba a raba su, ba a ɗora musu tukunyar fure, ba a jingina su da bango. Neboysha, na ji ka da kunnena kana ce wa matarka, "Akwatunan gawar Baba sun cinye rabin falo." To, ga su sun zama naka, sai ka yi ta kallo. Daga wani gidan silima da aka rushe na sayo su, na ɗauro su a saman mota cikin ƙanƙara, ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Da na iso, mahaifiyarku ta leƙo ta taga ta kira ni da sunan gida ta ce, "Vule, sannu da amare! Sun iya dafa wake, ko nan ma ni ce?" Kwana uku ba ta yi mini magana ba. A na huɗu na sa mata faifai, ta tsaya a ƙofar kicin da ludayi a hannu har miya ta kama.

In wani cikinku ya kamu da ciwon nan nawa, Allah ya kiyaye, ga abin da na koya da asara. Kayan hannu ba da ido ake sayensu ba, da hanci ne. Ka kifa na'urar ka sansana, in ka ji ƙauri, ajiye ka wuce. Duk wanda ya ce maka "jiya ma ta yi aiki", jiyan nan ta kai shekara ashirin. Wanda kuma ya ce ta kakansa ce, ba ya da kaka. Araha ba ta ado.

Na huɗu. Baƙar amfilifayar da ke ƙarƙashin taga ba tawa ba ce, ta Zhika ce, ku mayar masa. Kun san Zhika, abokin gardamata na zaman Asabar, inda muke taruwa mu tsofaffi shida mu saurari faifai ɗaya mu yi awa uku muna musu. Ni mutumin fitila ne, wato amfilifaya mai fitilun gilashi da ke yin ja in sun yi zafi. Shi kuwa na zamani ne, mai taransista. Shekara talatin yana ce mini, "Kai tsoho, murhu ka saya ba na'urar kiɗa ba, kawo barkono mu gasa." Ni kuma ina ce masa tasa kamar ana kaɗa cokali a gwangwani. Amma satin da tawa ta ƙone, sai ga shi ya hawo bene yana haki, ya dire tasa ya ce, "Riƙe wannan har ka gyara murhunka." Shekara goma sha ɗaya ke nan bai tambaya ba. Zhika, in kana zaune ana karantawa, ka ji da kyau don sau ɗaya zan faɗa: ta yi aiki, ko sau ɗaya ba ta yi tari ba. Ban ce ta yi daɗi ba. Kwalbar giyar nan tamu, rakiya, da na ɓoye bayan faya-fayai taka ce. Ka kuma yi gaskiya a kan ɗaya maganar, wadda duk ka tayar da ita nake korarka.

Na biyar. Wannan ita ce dalilin tara ku. Radmila, kada ki yi sauri a nan, kada ki tsallake ko kalma ɗaya don ki rufa mini asiri.

Duk mai fitila ya san doka ɗaya da ba a takawa: ba a kunna irin wannan amfilifaya in wayoyin lasifika ba a haɗe suke ba. Ƙarfin da za ta tura ba ya samun wurin fita, sai ya juyo ya ƙone taransifomarta daga ciki. Tun kuna rarrafe nake muku wannan karatun. Kafin ka kunna, ka duba baya.

Ranar arba'in ɗin mahaifiyarku, bayan an ci abinci, na sauka raka limamin coci bakin titi. Ognyen ya ga kwanakin da ba a kiɗa a gidan makoki sun cika, ya so mutane su ji muryar uwarsa. Ya ɗauko kaset ɗin da take waƙa ranar bikin Radmila, ya kunna. Shiru. Ya ƙara murya, shiru, ya ƙara har ƙarshe. Ni tun daga hawa na biyu na jiyo ƙaurin. Na shigo na tarar da hayaƙi siriri yana tashi daga taransifomar hagu, wadda Tihomir ya naɗa da hannunsa, shi kuma a lokacin shekararsa biyu da rasuwa. Na leƙa baya, wayoyi huɗu duka a zare suna reto.

Da safen ranar Ognyen ne ya ja tebura don baƙi su samu wuri. Sai na ce shi ya fizge wayoyin. Ya ce, "Baba, ban ko je kusa da wurin ba, na rantse da kabarin Mama." Kun ji abin da na mayar masa, kusan mutum talatin ne kuke zaune. Na ce, "Kada ka sa ƙazamin bakinka a kabarinta, maƙaryaci. Ita ta tafi, kai kuma ka ƙarasa mini abin da ya rage. Fita." Ya ɗauki rigarsa, ya sumbaci yayarsa, ya fita. Ya yi aure ban je ba. An haifa masa 'ya, a wayar Radmila kawai nake ganinta.

Kun san ƙaramin littafin da nake rubuta awannin fitilu, don in san wadda ta tsufa. Tun ranar na jefa shi a durowa, tunda ba sauran abin ƙirgawa. Shekara biyu da suka wuce na ɗauko shi ina neman lissafin naɗin Tihomir da na taɓa kwafa a bangon baya. Sai ya buɗe a shafin ƙarshe. Kwanan watan ranar da aka binne ta ne, rubutun kuma nawa ne, ba na wani ba: "Slavka. Na zare wayoyin duka huɗu. Kada a ji sauti a gidan nan." Ban tuna na yi ba. Ranar na sha giya fiye da kima, kuma ban san inda kaina yake ba. Amma rubutu ba ya ƙarya.

To ku ji, ku da kuka ji na farko. Ognyen bai taɓa wayar nan ba. Ni na zare ta, ni na ƙona na'urata, ni na kori ɗana a gaban jama'a a kan laifina. Laifi tudu ne, na taka nawa na hango nasa. Ognyen, in ka ce ai da ka duba baya, to wane ne zai yi zaton uban da ya kafa dokar shi zai haƙa ramin? A bainar jama'a na ce maka maƙaryaci, don haka a bainar jama'a nake janyewa. Ka yafe mini, ɗana.

Za ka ce shekara biyu ina sane, me ya hana ni kira? Tambayar da nake yi wa kaina ke nan har na gaji da kaina. Na sha danna lambarka in tsaya a ta ƙarshe. Sai na yi irin wautar da mu kaɗai muka iya: na ce bari in gyara na'urar tukuna, in kira ka, ka shigo ka tarar da uwarka tana waƙa, sai maganar ta zo da sauƙi. Na ɗauka komai sai an buɗe bayansa an sa dalma. Zhika ya ce mini, "Kai jaki, waya za ka ɗaga, ba waya za ka naɗa ba." Na kore shi, kamar kullum.

Na shida. Amfilifaya mai fitilu ta Ognyen ce, da littafin, da abin da ke kan teburin kicin ƙarƙashin farin tawul. Taransifomar ce, na warware ƙonannen na fara sabon naɗi. Zagaye dubu biyu da ɗari huɗu ake bukata, na tsaya a dubu ɗaya da ɗari bakwai da goma sha shida. Wayar siririya ce kamar gashi. Sau uku tana tsinkewa a hannuna ina komawa farko, yanzu kuwa ko zaren allura ba na iya riƙewa. Wata huɗu ke nan ina zama gabanta ina kallo, takaici kamar ya kashe ni kafin zuciyar ta yi aikinta. Ognyen, kai mai gyaran agogo ne, hannunka ya fi nawa ko a lokacin da nake da hannu, ban dai taɓa faɗa maka ba. Duk layi in ya cika ka shimfiɗa takarda, kada ka ja da ƙarfi, kada ka yi hira kana ƙirga.

In ka ƙi, hakkinka ne, kada wanda ya matsa maka ko ya ce ai uba ne. Sai dai ko a bola ku jefa ta, ban yarda Ungulu ya samu ba. Kaset ɗin yana cikin rikoda inda ka bar shi. Na yi rantsuwa ba zan ji muryar Slavka ta na'urar Zhika ba, ga shi taurin kai ya ja mini ba zan ƙara jin ta ba ko kaɗan. Ku kada ku yi irin tawa.

Sauran magana kaɗan ce. Bikin waliyyin gidanmu da muke yi duk shekara kada ya mutu a hannunku. Ku yi shi tare a tebur ɗaya, shekara a Nish shekara a Novi Sad, ku yanka gurasar bikin tare ko da kun yi faɗa a mota. Zumunta a ƙafa take, na san haka tun ina yaro, na zauna a kujera ɗaya tsakanin lasifikoki biyu har ƙafar ta mutu. In ɗayanku ya ɓata wa ɗaya rai, ya je a ranar, kada ya jira sai ya gyara wani abu. Allah ya yi muku albarka, ku da mazanku da matanku da 'ya'yanku. Radmila, Allah ya saka miki da ɗawainiyar da kika yi da tsoho mai baƙin hali. Neboysha, kai ma Allah ya yi maka albarka, amma ka sauke tukunyar furen. Yarinyar da ban taɓa ɗauka ba, ku zaunar da ita a kujerata ta tsakiya, nan ne sauti ya fi daɗi.

Ognyen, jiya na durƙusa bayan na'urar na mayar da wayoyin, duka huɗu, ja a ja, baƙi a baƙi. Sai da maƙwabci ya zo ya ɗaga ni. Na san sai ka sake zare su kafin ka ɗaura taransifomar, na dai so ka tarar da su a haɗe. Duk da haka, ranar da za ka kunna, kada ka yarda da maganata. Ka duba baya da kanka.

Mahaifinku,
Vukashin Traykovich