Jar Laka Daga Dutsenmu

Norio! Kana ina ne? Sau huɗu ina kira ba ka ɗauka, to ga shi ina rubutawa da yatsa ɗaya. Ina gaishe ka, ina gaida matarka.

An kwana biyu ana ruwa, dutsenmu ya sake zubo jar laka cikin teku. Tun da ka sayar da itatuwan babanka aka aske shi ƙwal, haka muke fama. Da safe na ja igiyata, ciyawar tekun da na shuka a jikinta duk ta yi ja, ba mai sayenta. Ba tawa kaɗai ba, har ta maƙwabta. A bakin ruwa Kikue ta ce, "Fusae, ki gaida mana ɗanki, ki ce mun gode da miyar ƙasa." Kowa ya yi dariya. Shekara hamsin muna tafasa ciyawa a tukunya ɗaya da matar nan.

Ofishin gunduma na ba masu daji tallafi su sake dashe, don ruwan ya gyaru. Su za su kawo tsiron, masunta su dasa. Kowa ya shiga sai mu. Dutsen da sunanka yake, hatiminka suke so, Juma'a za a rufe. Aiko shi.

Ka riƙa cin abinci.
Uwarka

Mama,

Barka da aiki. Ina fata gwiwar ta yi sauƙi.

Na karanta sharuɗɗan. Wanda ya karɓi tallafin ba zai sayar da wurin ba sai bayan shekara ashirin. Akwai kamfanin wutar sola da ke son dutsen, in sun saya zan kama miki ɗaki kusa da mu. Shekarunki saba'in da uku. Bara kin faɗa ruwa daga jirgi kika ɓoye mini, Inna Kikue ce ta kira ni tana kuka. Ba zan sa hatimi ba.

Ki huta lafiya.
Norio

Norio, gaisuwa kaɗan, don ba ka cancanci mai yawa ba.

E, na faɗa ruwa. Wa ya fito da ni? Ni na fito da kaina. Ita kuma Kikue zan gamu da ita.

Jiya na ɗauki hatimin gida, wanda nake buga wa mai kawo wasiƙa, na dangwala a takardar na kai ofis. Ai sunan gidanmu ɗaya ne. Yarinyar ta duba, ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa tebur, ta ce, "Kaka, ba wannan aka yi wa rajista ba." A gaban mutane. Kai ka ja mini.

Ɗaki a bene hawa na tara, in yi me? In zauna ina kallon injin wanki yana juyawa? Ruwan nan da kake bari ya lalace shi ya kai ka jami'a. Kai in ka sayar ka gama, ni ce za a binne tokar gawata a garin nan kusa da babanka, kuma mutanen da ka kashe wa sana'a su za su riƙa wucewa ta gaban kabarin. Shekara ashirin ta yi maka yawa? Na san ba zan ga inuwar itatuwan ba. Ba don ni ake dasawa ba, sakarai.

Ka sa rigar sanyi.
Uwarka

Norio, ina kwana. Yau Juma'a, ba ka amsa ba, na ji.

Na tsinto 'ya'yan itace bokiti guda a bayan wurin ibada. Da tallafi ko babu, yau zan hau dutsen da sandata in binne su ɗaya-ɗaya. Filinka ne, ka kai ni ƙara. Kikue ta ce za ta riƙe mini bokitin, munafuka.

Tsaya, ana ƙwanƙwasa ƙofa. A garin nan ba mai ƙwanƙwasawa, turowa ake yi a kira suna. Sai ɗan birni irinka.

In babu hatimin a aljihunka kada ma ka cire takalm…