Dokin Abokin Kafili

Yaya Sale,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Inna da Hajara da yara. Yaya ƙafar Inna? Mu nan unguwar Nuzla a Jidda sai godiya.

Wani abu ya faru a asibitin dabbobin da nake shara, na ce kai ya kamata ka fara ji. Abokin kafilinmu, wato ubangidan da ke riƙe da takardun zamanmu, ya kawo doki, bayansa duk shatin bulala, wani har ya fara ruwa. Wai waya ce ta karce shi. Likitarmu, Dakta Halima, Bahaushiyar Sudan, tana dubawa ta ce za ta sanar da hukuma.

Na ja ta gefe na ce, "Dakta, ki rufa masa asiri, ki rufa wa kanki. Iƙamarki fa, takardar zamanki, tana hannun abokinsa."

Ta ce, "Malam Isa, dokin nan ba shi da bakin kai ƙara. Shi ke nan, na rubuta."

Kafili ya yi ta kumfar baki, wai sai ya kore ta. Da jami'ai suka zo, suka ce masa aikinta ta yi, doka tana bayanta, kada ya kuskura. Suka tafi da dokin. Wallahi matar nan ta burge ni, kuma har yau tana bakin aikinta.

Sai na tuna lokacin da kake malamin dabbobi, ka kai ƙarar mai jakin nan da ke azabtar da shi, aka jefa ka ƙauye. Babu wanda ya tsaya maka. Ni ma cewa na yi ka cika shisshigi.

A gaida kowa, Inna ta sa ni a addu'a. Kai kuma, Yaya, ka yafe mini.

Ƙaninka,
Isa