Tsakanin "An" da "Na"

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki da kyau. Ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara, kuma ƙafar nan taki ta daina kumburi. Ni lafiyata ƙalau, sai dai raina a ɓace yake, kuma ba ni da wadda zan amayar wa sai ke.

Abin da kika ji gaskiya ne, babbar tukunyar tururi ta kamfaninmu na sabulu ta fashe. Ranar Talata ne da hantsi. Ta ƙone wata mai naɗe sabulu daga kafaɗa har gwiwar hannu, tana asibiti har yanzu. Ni ina ofishin sama ina buga wasiƙa, sai da kofin shayin Shugaba ya faɗo daga kan tebur.

Shekara shida ina buga wa mutumin nan takardu, na san bakinsa fiye da matarsa. In ciniki ya yi kyau, sai ki ji "na buɗe", "na faɗaɗa", "na ceto". Ranar da abu ya lalace kuwa, sai wani bawan Allah mai suna An ya shigo kamfanin. An yi sakaci, an makara, an samu kuskure. Ban taɓa ganin An a layin karɓar albashi ba, amma duk ɓarnar gidan nan shi ke yin ta.

Bara ma'aikata suka yi ta gunaguni, don sun ji abin da Shugaba yake ɗauka a wata ya fi na duk matan naɗi a haɗe. Ya tara mu a farfajiya, ya dafa wuyansa, ya ce ba don zaman kujera ake biyansa ba, don alhakin kowa a nan yake rataye. Har tafi aka yi masa, Yaya, kuma ni ma na tafa. Yau ga alhakin ya iso, mun nemi wuyan mun rasa.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Bayan gaisuwa, na ga saƙonki, na kuma ji daɗi da kika ce ƙafa ta yi sauƙi. Kin ce in kama bakina in riƙe aikina. Na ji, amma ki saurara tukuna.

Sun samo wanda za su ɗora wa laifin. Shugaban makanikai ne, dattijon da muke kira Baba Kunne, don da kunne yake gane ciwon inji kafin ya kwanta. Wata huɗu ya rage masa ya yi ritaya. In aka kore shi da sunan sakaci, zai fita hannu rabbana bayan shekara talatin, kuma sunansa ya ɓaci a gaban yaran da ya koya wa aiki.

Abin da ke ci mini rai shi ne, sau uku dattijon nan ya hau bene da takarda, man inji a gefenta, yana roƙon a tsayar da tukunyar a gyara. Ni na karɓa, ni na shigar. Duk ukun sun dawo da rubutun Shugaba da koren bironsa: "A dakata." Lokacin ana gab da rufe shekara, kuma ladansa na musamman ya rataya ne ga yawan katan ɗin da aka fitar. Tsayar da tukunya mako biyu zai rage masa lada, shi ya sa aka dakata har ta tashi.

Jiya Shugaba ya kira ni, yana tsaye a taga yana jujjuya makullin mota, ya shifta mini rahoton da za a kai wa masu kamfanin ranar Litinin. An jinkirta gyara, an yi watsi da gargaɗi, saboda haka a sallami shugaban makanikai. Da na sauko na tarar da Baba Kunne zaune a bakin tukunyar yana goge sufanunsa ɗaya bayan ɗaya. Ya tambaye ni ko an ce wani abu a sama. Na ce ban sani ba, kuma tun lokacin nake jin kunyar kaina.

Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Auta

Yaya,

Ina fata kuna lafiya. Ki zauna kafin ki karanta wannan, kuma kada ki yi mini faɗa sai kin kai ƙarshe.

Na buga rahoton yadda ya faɗa, ban ƙara kalma ba, ban rage ba. Haruffa biyu kawai na juya. Duk inda ya ce "an", na sa "na". Na jinkirta gyara. Na yi watsi da gargaɗi. Na maƙala takardun Baba Kunne uku a baya, na kai masa. Na yi niyyar in ya gani in ce yatsa ne ya zame. Bai ma karanta ba. Yana waya ya zare koren biro ya sa hannu, irin hannun da ake biya da tsada haka.

Ranar Litinin ina gefe ina rubuta bayanin taro, shugaban masu kamfanin ya karanta rahoton a fili. Shugaba ya ce kuskuren bugu ne. Aka ɗaga takardu ukun, aka tambaye shi ko koren rubutun ma kuskuren bugu ne. Sai ya ɗauki ruwa ya sha.

Baba Kunne na nan a bakin aikinsa, wannan kam na gode wa Allah. Amma kada ki ɗauka an yi adalci. Sanarwa ta fito cewa Shugaba ya ajiye aiki don kansa domin ya huta. An bar masa motar, an cika masa aljihu na sallama, har walimar ban kwana aka yi, da jawabai a kan jajircewarsa. Matar da ta ƙone kuwa, kwalin sabulu aka aika mata da katin fatan samun sauƙi. Hannun da za ta yi wankan da shi ma ba ya ɗaguwa.

Saura ni. Mataimakin Shugaba, wanda ke riƙe da kujerar yanzu, ya kira ni ya ce an yanke shawarar a sallame ni, don ba a iya amincewa da sakatariya mai juya magana. Na tambaye shi wa ya yanke. Ya ce ai an dai yanke. Kuma da yake ba wani mai buga takarda a benen sai ni, ya ce in je in bugo wasiƙar korar tawa ya sa hannu.

Na bugo ta tsaf, Yaya, da suna da kwanan wata. Layin farko na cewa: "Na sallame ki daga aiki." Na ajiye masa tare da koren biron. Shi kam ya karanta, har sau biyu. Ya ce in gyara, na ce ban ga kuskure ba. Ya ce to in bar ta nan zai duba.

Ki dai share mini ɗakin bayan nan, don ban san ranar da zan iso da akwatina ba. Amma yau kwana tara wasiƙar tana kan teburinsa. Kullum da safe ni ke goge mata ƙura, in kawo masa shayi, in koma kujerata.

Ki shafa mini kan yara.

Ƙanwarki har kullum,
Auta