Zoben Robar da Na Ɓoye wa Baba

Assalamu alaikum. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin ku yanke min hukunci ku karanta har ƙarshe. Ni ɗaliba ce a makarantar kwana, gidanmu yana wani ƙauye a gefen Ɗanbatta.

Ranar da na dawo hutun damina, abin da na fara gani shi ne wani tabo kamar na man gyaɗa a aljihun rigar Baba, yana ƙamshin abarba. Ban tambaya ba, dama ni ba mai magana ba ce. Inna ce ta gaya min cewa tun da likita ya hana shi taba saboda ƙirjinsa, wani direba abokinsa ya kawo masa shishar aljihu daga Kano, irin mai cajin nan da ake ɗura wa ruwa. Kullum sai ta yi yoyo, kullum sai ya yi faɗa.

Wata safiya ya manta da ita a kan tabarma ya tafi gona, na ɗauka na duba. Na lura yana cika ta har baki, yana kwantar da ita a rana, sannan wani ɗan zoben roba da ke wuyan kwalbar ya goce. Na mayar da shi da allura, na rage ruwan, na tsayar da ita a inuwa. Da ya dawo ya jujjuya ta, ya ce, "Wa ya taɓa min wannan?" Na ce ni ce. Ya ce, "Ashe muna da injiniya a gidan nan. Zo nan, aji nawa kike yanzu?" Mu tara ne 'ya'yansa, ban taɓa zama a kan tabarmarsa ba sai ranar. Har dafaffiyar gyaɗa ya ɓare min.

To, yoyo ya tsaya, kira ma ya tsaya. Kwana biyar yana wuce ni kamar da. Wa zan gaya wa? Me zan ce ina so? Sai na faki idonsa na sassauta murfin shishar don ta sake yoyo. Da yamma na ji, "Ina Injiniya?" Na yi haka sau uku, a karo na huɗu ya ɗaure abinsa da kansa. Shi ne na cire zoben gaba ɗaya, na ɓoye a akwatin kayan lissafina. Ruwan ya shiga bakinsa, ya yi ta tofarwa. Tare da ni muka duba ƙarƙashin tabarma, yana cewa, "Idonki ya fi nawa, duba da kyau." Wallahi kunya kamar in nitse.

Yanzu ya koma taba. Tarin ya dawo, ba ya iya nome kunya ɗaya sai ya tsaya ya dafa fartanya. Inna ta daina magana, sai dai ta bi shi da ido. Jiya ya ce min, "Kin yi iya ƙoƙarinki, Injiniya, abin ne ba shi da kyau." Ya ɗauko ta zai jefa a masai, na riƙe hannun rigarsa na ce, "Baba, don Allah ka bar min ita zuwa Juma'a."

Ya bar min. Ranar Lahadi zan koma makaranta. Idan na mayar da zoben, zai tambaye ni inda na samo shi, kuma ban iya yi masa ƙarya ido da ido ba. Me zan yi?