Abin Shaƙarki Yana Cikin Durowa

Zuwa ga Yayata Rabi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayarta, ina roƙon Allah Ya yalwata miki makwanci. Ni ce Hadiza, wadda kike goyawa in za mu tsallake kwatar kamfanin fatu. Na girma har na zama malama, kuma kada ki yi dariya, makarantarmu ta Sharada aka turo ni.

Unguwar tana nan yadda kika bar ta. In iska ta juyo daga Challawa da warin jima, kowa ya toshe hanci ya wuce, ke kuwa asmarki ce take tashi, numfashinki ya dinga fito kamar kukan 'yar kyanwa. Shi ya sa Inna ta ɗinka miki ɗan aljihu a cikin hijabi, inda kike sa inhela, abin shaƙar nan shuɗi. Ta rubuta sunanki a filasta ta manna masa. Kullum za mu fita sai ta ce, “Rabi, taɓa ki ji yana nan.”

A shekarar ne yara suka tsiri shaƙar sholisho a bayan kamfanin takalma, makaranta ta sa ido. Malamin ladabtarwa ya hango ki kin juya baya, kin kai abu baki kina zuƙa. Bai tambaya ba. Ya karɓe, ya jefa a durowar teburinsa cikin wayoyin da ya ƙwace, ya danna kwaɗo. Da hantsi aka aike shi ofishin ilimi, ya tafi da makullin a aljihu.

Kafin azahar iska ta juyo. Ina tsaye ina kallon malamai uku suna dukan kwaɗon da dutse, ke kina ƙasa kina nuna teburin da yatsa. A cikin adaidaita-sahu kika cika. Da Baba ya je karɓo abin bayan sadakar bakwai, aka ce an duba ba a gani ba.

Yaya, teburin nan ni aka ba. Yanzu ba a ƙwacewa, amma duk ɗalibin da ke da magani dole ya damƙa wa mai riƙe da makulli, kuma ni ce. Ranar da na zaro durowar gaba ɗaya don in goge, sai ga abin shaƙarki can a maƙale, da rubutun Inna. Sabo fil aka karɓe shi a hannunki. Na girgiza, na danna, wayam. Na ce wa kaina shekaru ne suka zuƙe shi, na mayar.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Duk ranar da warin ya taso, da rana tsaka ina gyaran jarrabawa, sai in ji fiton nan, siriri, daga cikin durowa. In na buɗe ya yi shiru. In na kulle ya dawo. Na sa an duba ko ɓera ne, na karanta duk abin da na sani. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba.

Akwai wata yarinya Ladi, 'yar aji biyu, babanta mutumin Filato ne yana aiki a kamfanin fatu. Ita ma asma gare ta. Ran Litinin ta kawo mini abin shaƙarta, ta durƙusa ta miƙo da hannu biyu. Na karɓa kamar yadda doka ta ce, na danna kwaɗo. Ban ko zare hannuna ba na ji fiton ya zama biyu.

Ko takalmi ban tsaya sawa ba na ruga ajinsu. Tana zaune lafiya lau tana kwafar darasi, iskar ba ta juyo ba tukuna. Na damƙa mata abinta. Da aka fita hutun tara na nemi allura da zare, na ɗinka mata aljihu a cikin riga, irin ɗinkin Inna, sai dai nawa ya karkace.

Shugaban makaranta ya ji, ya ce in zo gobe in yi bayani. Wataƙila a karɓe makullin, wataƙila a canja mini makaranta. Ba zan yi dogon surutu ba, naki zan ajiye a gabansa ya karanta sunan.

Kwaɗon dai na jefa shi a kwata. Yau da safe na tare Ladi a ƙofa, ban san sa'ad da bakina ya ce mata ta taɓa ta ji yana nan ba. Da azahar warin ya taso, na zauna na kasa kunne har aka tashi. Shiru.

Allah Ya jiƙanki, Ya gafarta wa malamin nan, Ya sauƙaƙa numfashin kowane yaro a unguwar nan. In ke ce, Yaya, ki huta haka. Na buɗe.

Taki har kullum,
Hadiza