Makullin Wayar Keke

Tsibirin Ƙubrus, 3 ga Yuli

Zuwa ga mahaifina, Malam Mainasara,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kuna lafiya, kai da Inna da Yaya Sauda.

Baba, na gama karatu, amma akwai abin da na ɓoye maka. Tsibirin nan duk duwatsu ne, kuma Turawa kan zo hutu su yi mako guda suna hawansu bisa keke. Shekara biyu ke nan ina bin su a mota ina yi musu gyara. Yanzu an ba ni aikin dindindin. Na san ka rantse ɗanka ba zai taɓa baƙin mai ba, don haka ka kore ni daga rumfarka ta gyaran keke tun ina ƙarami. Ina son aikin nan, Baba, amma in ka ce a'a, zan dawo.

Ɗanka,
Musaddiq

*

Wurno, 28 ga Yuli

Musaddiq,

Muna lahiya. Sauda ka rubutawa, ni ka hwaɗi.

Mi sunka ɗauko bisa dutsen? Shekara goma ina kai albasa Achida bisa keke, ban taɓa jin an kira shi hutu ba. Mutanen ga a yi musu addu'a.

Rantsuwata tana nan. Amma gaya min: in ƙahwar keke ta karkace, ƙaƙa kake gane wayad da ta saki? In na'ura ka hwaɗa maka, kwaso kayanka ka taho gida.

Mahaihinka

*

Ƙubrus, 10 ga Agusta

Baba,

Ina gaisuwa. Akwai na'ura, amma ba na taɓa ta. Ina kaɗa wayoyin da farce ɗaya bayan ɗaya, kunnena kusa da su; wadda ta saki muryarta takan faɗi. Sai na ɗaure ta kwatan juyi da makullin waya, na sassauta ta ɗaya gefen. Wajenka na gani, ta hudar zanar rumfa, duk ranar da ka zaci ina makarantar allo. Masu hutun har taruwa suke suna kallona.

Ka yafe min laɓen.

Musaddiq

*

Wurno, 2 ga Satumba

Ƙanena,

Wannan tawa ce, ba ta Baba ba. Sau uku ya sa na karanta masa wasiƙarka. Tun bara idonsa ya tafi, ya hana a gaya maka. Da kunne yake gyara yanzu, Halliru maƙwabcinmu na miƙa masa kaya.

Ya yi azumi uku na kaffarar rantsuwarsa, jiya ya gama. Ƙaramin ƙarfen da ke cikin ambulan ɗin nan makullinsa ne na ɗaure wayar keke. Na tambaye shi da mi zai yi aiki gobe. Ya ce, "Ke dai aika mai. Shi ad da duwatsu gabanai."

Ka kira shi ranar Juma'a.

Yayarka,
Sauda